Siliki ko Satin: Wace Rigar Filo Ce Ke Kare Gashi?

Gobe da safe, kafin ki kaɗe shimfiɗa, ɗauki filonki ki kai shi inda haske yake, ki duba shi da kyau. Gashi iri biyu ake samu a kan rigar filo. Akwai dogon sili, wanda in kin lura da ƙarshensa za ki ga wani ɗan farin ɗigo kamar kan allura. Wannan kwanansa ne ya ƙare, ya fita daga tushe don kansa, kuma kowane kai mai lafiya yana zubar da irinsa 50 zuwa 100 a rana. Sai kuma guntaye, gajeru-gajeru, babu ɗigo ta kowane ɓangare, wasu ko tsawon farce ba su kai ba. Waɗannan ba zuba suka yi ba, karyewa suka yi. Duk maganar da ake yi game da rigar filo ta siliki ko ta satin, a kan guntayen nan take. Dogayen kam, ko a kan gajimare kika kwana sai sun zuba.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wanne ya fi, siliki ko satin? Ita kanta tambayar a karkace take, kamar a ce wa magini, "Siminti ya fi ko bene?" Siliki zare ne, satin kuwa salon saƙa ne. Ana saƙa satin da siliki, ana saƙa shi da foliyesta, da nailan, har da auduga. Yawancin rigunan filon siliki da ake sayarwa ma saƙar satin aka yi musu, wato ga su siliki, ga su satin. Abin da ya kawo ruɗani shi ne, a bakin masu sayarwa, in aka ce "satin" aka yi shiru, kusan kullum foliyesta ake nufi. Ke nan ainihin zaɓin yana tsakanin saƙa iri ɗaya da aka yi da zare biyu da babu abin da ya haɗa su: ɗaya daga bakin tsutsa ya fito, ɗaya daga man fetur.

Amma kafin a shiga batun yadi, gara a san abin da ake ƙoƙarin karewa. Ɗauki silin gashi guda, ki riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, ki ja daga tushe zuwa baki. Sulɓi za ki ji. Juya ki ja daga baki zuwa tushe, za ki ji yana ɗan tirjewa. Abin da yatsunki suka taɓa shi ne ɓawon gashi. Kowane sili a lulluɓe yake da 'yan siraran ɓawo da suka hau kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu yana kallon ƙarshen gashin, a ƙarƙashinsu kuma cikin gashin yake, inda ƙarfinsa da launinsa suke. Muddin ɓawon nan yana kwance luf, gashi na sheƙi, sili na zamewa ta gefen ɗan'uwansa ba su sarƙe ba. Da zarar ya ɗaɗɗaga ko ya ɓaɓɓalle, sai gashi ya yi kaushi, ya riƙa cukurkuɗewa, bakinsa ya tsage biyu. Gashin da ya riga ya fito daga fata kuwa ba shi da rai, ba ya warkewa yadda fata ke warkewa. Ɓawon da ya tafi ya tafi ke nan.

Yanzu a yi ɗan lissafi. Gashi yana tsiro kamar santimita 1 a wata. Wanda tsawonsa ya kai santimita 30, bakinsa ya yi shekara biyu da rabi a duniya, wato ya kwana a kan filo kusan sau 900. Kan babban mutum yana kai kilo 5 a nauyi, kuma ba wanda ke kwana a miƙe kamar tabarya har gari ya waye. Ana juyi, ana mirginawa, kowane juyi kuma gashin yana tsakanin nauyin kai da yadi ana murza shi. Dare ɗaya ba komai ba ne. Tarin dararen ne matsalar.

Ba kowane gashi ne abin ke ci daidai ba. Gashi mai murɗewa sosai ya fi shan wahala, saboda silinsa ba zagayayye ba ne kamar igiya, a ɗan matse yake, kuma duk inda ya lanƙwashe wurin rauni ne. Ga shi maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar nan ya gangara har baki, shi ya sa irin wannan gashin ke saurin bushewa. Wanda aka miƙar da man miƙe gashi, ko aka rina, ko aka saba ƙona shi da ƙarfe mai zafi, shi ma ɓawonsa ya riga ya sha duka. Mai aske kansa kwal kowane mako kuwa, to, ya kwana a kan abin da ya samu, wannan bayanin ba nasa ba ne. Mai tara suma ko gemu dai ya ci gaba da karantawa, ko da da mata nake ta magana.

To me satin ke yi? A saƙa ta yau da kullum, zaren kwance yana hawa kan zaren tsaye guda, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, kamar saƙar tabarma. Kowace mahaɗa ɗan tudu ce, ko da ido ba ya gani. A saƙar satin, zare yakan tsallake huɗu kafin ya nutse ƙarƙashin ɗaya, wani lokaci ma bakwai, kuma ana warwatsa mahaɗun don kada su yi layi. Sai fuskar yadin ta zama dogayen zaruruwa kwance gefe da gefe, tudun kaɗan ne. Daga nan sheƙin ya fito, daga nan kuma sulɓin da gashi ke zamewa a kai. Juya yadin ki duba bayansa, za ki tarar dusu-dusu ne, babu ƙyalli. Aibin saƙar ma daga nan yake: dogon zaren da ke shawagi a sama, ɗan kunne ko tsagaggen farce na iya fizgo shi.

Sunan kansa yana da tarihi. Ana danganta kalmar satin da Zaitun, sunan da Larabawa 'yan kasuwa ke kiran birnin Quanzhou na ƙasar Sin, tashar jiragen ruwan da Ibn Battuta ya ziyarta a ƙarni na 14, inda ake lodin irin wannan yadi. A wancan zamanin satin duk na siliki ne, babu wannan gardamar.

Saƙa kaɗai ba ta gama magana ba, tsawon zaren ma yana da nasa. Auduga 'yan guntayen gashi ne masu tsawon santimita biyu zuwa huɗu, a kaɗa su a murɗe su zama zare, don haka dole bakunansu su leƙo ta ko'ina. Ɗaga zanen gadon auduga a haske ki kalle shi ta gefe, za ki ga wani ɗan buzu-buzu a samansa. Shi ke kama ɓawon gashi. Audugar da aka yi wa saƙar satin ta fi ta gama-gari laushi, ba musu, amma buzu-buzun yana nan. Siliki ba haka yake ba. Tsutsar da ake kiwo dominsa, wadda masana ke kira Bombyx mori kuma ganyen malberi ne abincinta, tana naɗe kanta da zare guda ɗaya tal wanda ba ya yankewa, tsawonsa mita 300 zuwa 900. Zaren yana fitowa da wani danƙo a jikinsa, sai an dafa shi da sabulu an wanke danƙon kafin laushi da ƙyallin su bayyana. Ana bukatar gidajen tsutsa 2,000 zuwa 3,000 kafin a sami siliki ƙasa da rabin kilo, wanda shi kaɗai ya isa bayanin tsadarsa. Sin ce ta fara wannan sana'a shekaru dubbai da suka wuce, har yau kuma ita ce kan gaba, Indiya na biye. Akwai abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: don kada tsutsar ta huda gidan ta tsinka zaren, turara ta ake yi ko a dafa ta tana ciki. Wasu saboda wannan kaɗai suke barin siliki.

Foliyesta kuwa ɗan jiya ne. Wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, su suka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1941. Narkakkiyar roba ce ake turowa ta ƙananan huji ta fito zare, a yi shi iya tsawon da ake so. Wato shi ma dogon zare ne mai sulɓi, babu bakuna masu leƙowa. Shi ya sa nake ganin, in dai batun gogayya ne zalla, satin na foliyesta mai kyau ya yi wa gashi mafi yawan aikin da siliki zai yi. Babban tsallen yana tsakanin auduga da su biyun, ba tsakanin junansu ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne wajen ruwa, da zufa, da maiƙo, kuma a nan ne talla ta fi yi wa gaskiya kwaskwarima. Za ki ji ana cewa siliki ba ya shan ruwa, shi ya sa ba ya busar da gashi. Masana'antun yadi suna da ma'aunin yawan laimar da zare ke riƙewa daga iska, kuma a wannan ma'auni siliki yana riƙe kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa, auduga kusan kashi 8, foliyesta kuwa ko rabin kashi 1 bai kai ba. Ashe siliki ba ƙin ruwa yake yi ba, har ya fi auduga ɗaukar laimar iska. Bambancin yana wajen yadda kowanne ke sha. Auduga da buzu-buzunta tamkar tawul take, tana zuƙe ruwa da mai nan take ta baza su cikin jikinta, don haka man da kika shafa wa gashi da dare wani kasonsa filo ne ya amfana. Siliki siriri ne, a matse, yana ɗaukar tururin zufa ya sake shi ba tare da ya yi jagab ba. Foliyesta ba ya ɗauka sam. Ga gashi wannan ba laifi ba ne, laimarsa tana nan tare da shi. Ga fata kuwa, a daren da ake zafi, zufar ba ta da wurin zuwa, sai ta tsaya tsakanin kumatu da yadi, mutum ya farka wuyansa sharkaf yana neman ɓangaren filo mai sanyi.

Foliyesta yana da wasu halaye biyu da ya kamata a sani. Ba ya shiri da ruwa amma yana shiri da mai, maiƙo in ya kama shi da ƙyar yake saki, shi ya sa rigar filon satin da aka daɗe ana amfani da ita kan yi wani duhu-duhu a tsakiya, da ɗan warin tsohon mai, ko an wanke. Sannan idan iska ta bushe, gogayya tana tara masa ɗan lantarkin nan da ke sa gashi miƙewa yana bin tufafi. Siliki ma yakan yi, amma bai kai shi ba.

Sauran alkawuran da ake jerowa, a rage musu gishiri. Gaskiya ne siliki furotin ne kamar yadda gashi yake furotin, amma kwanciya a kansa ba ta sa wani sinadari ya fita daga yadi ya shiga gashi, kamar yadda jingina da buhun hatsi ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Ba ya kuma sa gashi tsiro, tsiro a ƙarƙashin fata ake yin sa. Abin da ke faruwa shi ne, idan baki ya daina karyewa, tsawon da ake samu kowane wata sai ya tsaya maimakon ya ƙare a kan filo, mai gashin ta ga kamar ya ƙara sauri.

Wajen saye ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ni kaina na taɓa faɗawa: kwalin an rubuta siliki da manyan baƙaƙe, ga hoton tsutsa da ganye, sai da na zo wanki na juya rigar na ga ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki ya ce foliyesta ɗari bisa ɗari. Da na koma kan kwalin na karanta a tsanake, ashe cewa suka yi "laushi irin na siliki". Ba su yi ƙarya ba, ni ce ban karanta ba. Wannan ɗan ƙyallen na ciki shi ne abin dubawa, ba kwali ba. A duba kuma ko fuska biyun duk siliki ne, don akwai waɗanda gaba siliki, baya auduga.

Siliki na gaske ana auna kaurinsa da wani ma'auni da ake rubutawa momme. Guda ɗaya daidai yake da giram 4.3 da 'yan kai a kowace murabba'in mita. Rigunan filo galibi 19 ne, ko 22, ko 25. Ƙasa da 19 ya yi siriri ga abin da za a murza kowane dare, ba zai daɗe ba. Ni 22 nake ganin ya fi dacewa, ya yi kaurin da zai jure wanki bai kuma yi nauyi ba. Alamar 6A da ake liƙawa matakin ingancin ɗanyen zare ce, amma kowa na iya buga ta a kwali. Tambarin OEKO-TEX kuwa shaida ce cewa an gwada yadin ba a sami sinadarai masu cutarwa fiye da ƙima ba, ba shaida ce ta cewa siliki ne ba, foliyesta ma na samun sa.

In shakka ta ƙi fita, akwai gwajin wuta. Juya rigar, ki zaro 'yan zaruruwa daga gefen ɗinki na ciki, ki riƙe su da hantsaki a kan faranti, kusa da ruwa, ki kai musu ashana. Siliki zai ci a hankali yana nannaɗewa, ya yi ƙaurin ƙonannen gashi, da kin janye wutar ya mutu, abin da ya bari kuma baƙin gawayi ne da ke murƙushewa tsakanin yatsu ya zama gari. Foliyesta zai noƙe ya guji wutar, ya narke, ya yi warin roba, ya bar ɗan ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa. A bari ya huce kafin a taɓa, narkakkiyar roba tana manne wa fata.

Wanki shi ne inda mutane da yawa ke kashe silikinsu da hannunsu. Tunda furotin ne, duk abin da aka yi don cin tabon furotin zai ci shi. Yawancin garin sabulun wanki na zamani suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da tabon jini da na abinci, kuma ba su san bambancin tabo da siliki ba, a hankali za su cinye ƙarfin zaren. Bilic kuwa narkar da shi yake yi. Abin da yake so shi ne ruwa mai sanyi ko wanda bai wuce digiri 30 ba, sabulu mai sauƙi, a cuɗa da hannu a hankali, kada a murɗe wajen matsewa, a naɗe shi cikin tawul ya tsotse ruwan, a shanya a inuwa domin rana tana sa shi rawaya ta kuma raunana shi. Foliyesta ba ya bukatar wannan lallashi, a jefa shi injin wanki ya fito ya bushe cikin ɗan lokaci, sai dai a kiyaye shi da dutsen guga mai zafi. Kowanne aka zaɓa, kada ya wuce mako ba a wanke ba, mai yawan shafa mai kuma ta rage kwanakin. Rigar filo mai sulɓi da ta tara man mako uku, ta kare gashi ta ɓata fuska da ƙuraje.

A nan ne nake ganin zaɓin ya fi sauƙi fiye da yadda ake ɗauka. Wadda ta san halinta, ba za ta tsaya wankin hannu ba, ko tana cika gashinta da mai kowane dare, satin biyu ko uku da za ta riƙa sauyawa sun fi mata siliki ɗaya da take jin tsoron wankewa. Wadda ke yawan zufa da dare, ko fatarta ba ta son roba, ita ce za ta ci moriyar kuɗin siliki, kuma abin da ta saya da ƙarin kuɗin daɗin barci ne fiye da lafiyar gashi.

Sai batun ɗaure kai. Abin da ke taɓa gashi shi ne abin lissafi, ba abin da ke ƙasa da shi ba. Wadda ta ɗaura ɗankwalin auduga ta kwanta a kan filon siliki, a kan auduga ta kwana. Hular barci ta satin ko ta siliki ta ma fi rigar filo ta wata fuska, domin tana tattare gashin wuri ɗaya, ba ya bazuwa balle ya sarƙe, kuma kitso yana daɗewa bai tashi ba. Matsalarta biyu. Tana zamewa cikin dare, a farka a tarar da ita a ƙasan gado, a nan rigar filo mai sulɓi ke zama mai tsaron baya. Sannan robar bakinta, in ta matse ko ba a lulluɓe ta da yadi ba, tana goge gashin goshi da na ƙeya, daidai inda ya fi rauni.

Akwai kuma ɓarnar da babu yadin da zai hana. Jiƙaƙƙen gashi yana kumbura, ɓawonsa ya ɗaga, ya fi saurin miƙewa ya tsinke, don haka kwanciya da shi a jiƙe asara ce ko a kan me aka kwanta. Kitson da aka ja har gira ta ɗaga, daga tushe yake cin gashi, kuma in aka daɗe ana yi, goshin na iya tafiya bai dawo ba.

In kin sauya rigar filo, zaɓi mai launi mai haske don ki riƙa ganin abin da ke faɗowa, ki ba ta wata guda. Guntayen ya kamata su ragu, tsefewar safe kuma ta yi sauƙi. In kuwa dogayen nan masu farin ɗigo ne suka yi yawa fiye da yadda kika saba gani, ko wani wuri a kan ya fara haske, ko ana ƙaiƙayi da ɓamɓarewar fata, matsalar ba a kan filo take ba. Haihuwa, da zazzaɓi mai tsanani, da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi daga tushe, wani lokaci sai bayan wata biyu ko uku da faruwar abin. Wannan likitan fata ake kai wa.